Yadda Panfilo Ya Tsufar da Kwat Ɗina

Kafin wani ya sake tare ni a bakin coci yana murmushi yana tambayata lafiyar karnuka, bari in rubuta abin da ya faru daki-daki, Quirino ya manna a bangon shagon kofinsa kusa da jadawalin bas, inda kowa zai gani. Ni ne Cesidio Iannucci. Shekara talatin da shida na koyar a firamaren wannan gari namu na Roccafosca, kuma ba a taɓa kama ni da ƙarin gishiri ba. Karnukan biyar ne, ba goma sha ɗaya ba kamar yadda ake yaɗawa. Dokin ma ba doki ba ne, goɗiya ce. Kwat ɗin kuwa tawa ce, kuma har yau ba ta dawo ba.

Wanda ya jawo duk wannan shi ne Panfilo mai cuku, ƙanin matata Liberata. Na san shi ciki da bai, domin na koyar da shi a aji uku, sau biyu.

A watan Satumban bara, wato 1976, masu fim suka zo daga Roma da manyan motoci huɗu, suka sauka a tsohon ramin tsakuwa da ke saman gari. Kowa ya san kasuwar fim ɗin kaboyi ta fara mutuwa. Da can hamadar Sifaniya suke zuwa, yanzu da aljihu ya yi sanyi sai su hau duwatsunmu su ce nan ne Amurka. Jaruman ma sun daina sheƙi. Labarin duk ɗaya ne: soja an ci su da yaƙi, ya dawo gida a wahalce, ya tarar an cinye gonar ubansa, ana ruwa, ana taɓo, kowa na tari.

Ranar Litinin Panfilo ya shigo shagon Quirino muna tsakiyar karta, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe ƙafafu.

Ya ce, "Jama'a, ku kalle ni da kyau yau. Nan gaba sai da tikiti."

Quirino ya ce, "An ce kai ka kai musu cuku da burodi."

"Cuku na kai. Amma da darakta ya ga fuskata, sai da ya ajiye cokali. Ya ce, 'Bawan Allah, ina ka shiga duk shekarun nan?'"

"Ka gaya masa? Ɗakin ajiyar cuku, inda ka yi yaƙin duniya daga farko har ƙarshe."

"Hassada ga mai rabo taki. Kanar zan fito. Kanar ɗin sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka, a kan doki, a gaban dakaruna. Har jawabi zan yi."

Na bincika daga baya. Abin da aka yi shi ne, suna neman mutum ɗaya da zai hau dabba a gaban layin sojojin da aka ci da yaƙi. Aka tambaya ko akwai wanda ya iya hawa, kuma ko akwai mai doguwar kwat ta soja ruwan toka. Panfilo ya ɗaga hannu biyu. Bai iya hawa ba. Ba shi da kwat.

Ni nake da ita. A cikinta na dawo daga sansanin fursunonin Jamus a 1945, kwana arba'in da ɗaya a ƙafa daga kan iyaka. Tun daga shekarar Liberata ta ɗauke ta kamar ɗa. Ta ɗinke abin ɗinkewa, ta cike abin cikewa da zare mai kalarta, ta nemo maɓallan tagulla har suka cika shida. Duk bazara a shanya ta, a goge ta, a zuba mata kafur, a mayar da ita kabad. Sau ɗaya nake sa ta a shekara, ranar huɗu ga Nuwamba, lokacin da muke tsayawa a dandali ana karanta sunayen waɗanda ba su dawo ba.

Da yamma sai ga Panfilo a gidana da rabin ƙwaryar cuku a hammata.

"Yaya Malam, barka da hutawa. Ƙasa ce ke buƙatarka."

Na ce, "Ƙasa ta buƙace ni sau ɗaya, na ga yadda muka ƙare. Me kake so?"

"Kwat ɗin nan. Kwana ɗaya tak."

"A'a."

"Duniya za ta gan ta. Faransa, Jamus, har Turkiyya."

"Jamus ta riga ta gan ta. A'a."

"Ko ƙuda ne ya so sauka a kanta, sai ya goge ƙafa."

"Panfilo, na taɓa ara maka littafin taswira, ka dawo min da shi babu Afirka."

Sai Liberata ta leƙo daga kicin tana goge hannu. Ta ce, "Haba Malam. Autanmu ne. Tun da Inna ta rasu bai taɓa samun abin da zai yi alfahari da shi na gaskiya ba. Ka ba shi."

Ga inda na yi kuskure, kuma na amsa shi. Na ba shi, bisa sharaɗi uku: ba zai ci abinci da ita a jikinsa ba, ba zai zauna a ƙasa ba, kuma zai dawo da ita ranar Asabar kafin ƙararrawar tsakar rana. Na sa ya maimaita. Ya maimaita, ya ɗora hannu a ƙirji, ya rantse da kabarin uwarsa.

Daga Talata gari ya shiga uku. Panfilo ya ce kaboyi ba ya buɗe ido duka, saboda haka ya riƙa yawo da idanu a ƙanƙance, har ya yi karo da famfon dandali ya ba shi haƙuri. Ya ce kaboyi ba ya saurin magana, saboda haka in mace ta tambayi farashin cuku sai ya tauna tsinke, ya dubi nesa, ya tofar da yawu, kafin ya amsa ta riga ta tafi wani shagon. Tafiya kuwa ya koma gwale ƙafa kamar mai ɗauke da tulu tsakanin cinyoyi.

Tsohuwa Splendora, wadda ta yi wa rabin matan garin nan wankan jego, ta tsayar da shi a gaban mutane. Ta ce, "Ɗan nan, basir ɗin ne ya tashi? Ka zo gida in jiƙa maka ganye."

"Tafiyar mahaya ce, Kaka."

"To Allah ya sawwaƙe. Mijina ma haka ya fara."

Ranar Laraba ya tafi koyon hawa. Doki babu a gari, sai ya ari alfadarin mai sayar da itace. Wannan alfadari shekara goma sha biyar yana aiki ɗaya: ya tsaya a ƙofar duk gidan da ke sayen itace, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an sauke abin da ke bayansa. Panfilo ya hau a bakin gada, ya ce, "Arr!" Alfadari ya yi taku ashirin ya tsaya a ƙofar gidan mai ɗinkin takalma. Aka yi zuga, aka yi duka, aka yi lallashi, ko gezau. Sai da Panfilo ya sauka. Yana sauka alfadari ya kama hanya, ya bi shi da gudu ya sake ɗarewa, taku goma sha biyar suka tsaya a gidan ungozoma. Gida goma sha tara ne a layin. Na ƙirga, domin tagata na kallon titin.

Mata suka fito suka jeru a ƙofofi. Ɗaya ta ce, "Mu yau ba mu aika a kawo itace ba."

Wata ta ce, "Ai wannan gungumen ma ɗanye ne, hayaƙi kawai zai yi."

Panfilo ya ɗaga hula daga bisa, ya ce da gangan yake yi, hawa da sauka shi ne ginshiƙin aikin soja mai doki.

Tun dare bai yi ba ya kawo min jawabinsa, shafi uku, in duba masa. Na ce masa, "Ka san mutanen nan ba sa ɗaukar murya a wurin aiki? Hoto kawai suke ɗauka. Kowa lamba yake ƙirgawa don baki ya motsa, sai an koma Roma a sa wani ya yi magana a madadinsa." Ya ce wannan ga ƙananan 'yan wasa ne, muryarsa in darakta ya ji ta ba zai iya zubarwa ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis ban san shi a lokacin ba. Na tattaro shi daga baya, ta hanyar kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake yi in an fasa gilashin aji.

Panfilo ya je gwajin kaya wurin matar da ke kula da tufafin fim, Madam Ornella, mace mai allurai a baki da taba a kunne. Ya shiga tantinta cikin kwat ɗina, karin guga kamar wuƙa, maɓallai na walƙiya. Ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Wannan fa? Sojan da aka ci da yaƙi nake nema, ba ango ba. Cire. Ga wata 'yar shara can a kwando."

'Yar sharar iya ƙugu ta tsaya, kuma Panfilo ya riga ya gaya wa gari Kanar zai fito. Yana neman abin cewa sai ya lura da abin da take yi. Wando ne sabo fil a kan gwiwarta, tana gurza shi da magogin cuku, ta tsoma a bokitin shayi, ta shafa ɗan kakin zuma a bakin aljihu don ya yi maiƙon tsufa. Haka suke yi, sabon kaya sai ya kwana ya zama na shekara goma.

Panfilo ya ce, "Madam, magogi? Shekara talatin ina riƙe da magogi. Da shi aka yaye ni. Ke dai ki bar min, gobe za ki ga tsufa."

Ya dawo shago ya rufe ƙofa. Ya gurje gwiwoyin hannu biyu har sai da haske ya ratsa. Ya gurje wuya, ya gurje baki. Ya karɓo diddigar kofi bokiti guda daga wurin Quirino, ya ce taki zai yi wa tumatir, ya jiƙa ta a ciki. Ya ɗaure ta a bayan kekensa mai ƙafa uku ya zagaya filin ƙwallo sau shida. Ya huda ta da wutar sigari wuri huɗu, ya ce harsashi ne. Ya yanke maɓalli biyu.

Liberata ta wuce ta ƙofar shagon ta ji gurza ba ƙaƙƙautawa. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "Auta, wane irin cuku ne wannan kake gogawa tun safe?"

Ya amsa daga ciki, "Na mutanen Roma ne, Yaya! Mai tauri ne!"

Saura maiƙo. Madam Ornella ɗan kaki take shafawa da kan yatsa. Panfilo ba shi da kaki, amma yana da abin da yake ganin ya fi shi: ɓawon tsohon cukun tumaki, mai gishiri, wanda in an yanka shi a wannan unguwa ana jin labari a waccan. Ya ɗumama shi ya shafe kwat ɗin ciki da waje, har cikin aljihu, ya rataye ta kusa da murhu don ya shiga jiki.

Ranar Juma'a aka yi aikin a ramin tsakuwa. Ba a bar kowa daga gari ya hau ba, sauran sojojin ma a bas aka kawo su daga Roma. Mutum ɗaya ne namu ya gani, Vittorino makiyayi, wanda ke tattara tumakinsa a gefen ramin, washegari kuma ya gangara da su yankin Puglia cin rani kamar kowace shekara, ba zai dawo ba sai Mayu.

Da la'asar motar ruwan masu fim ta sauke Panfilo a bakin gari. Daga shi sai singileti, takalmi ƙafa ɗaya, wando a yage ta inda ba a faɗa. Kafin ya iso dandali ya riga ya gyara tafiya.

Quirino ya ce, "Kanar, ina dakarun?"

"Kai dai bari. Darakta kuka ya yi. Ya ce a shekara ashirin bai ga mutum ya ba da kansa haka ba. Sau ɗaya aka ɗauka, ba a maimaita ba."

"Wandon fa?"

"Fagen fama ne, Quirino, ba teburin karta ba."

Asabar ƙararrawa ta buga, ina tsaye a ƙofar shagonsa da agogo a hannu. Ya ce an wuce da kwat Roma, za a yi mata wanki na musamman irin na manyan taurari. Bayan sati biyu ya ce ana jiran sabulun daga Faransa. Ranar huɗu ga Nuwamba na tsaya a dandali cikin jaket ɗin da nake zuwa biki da ita, ana karanta sunayen abokaina goma sha ɗaya, ina rawar sanyi kamar baƙo. Wannan ranar ba zan yafe ta da sauƙi ba. Da Kirsimeti ya ce ana shawarar sa ta cikin gilashi. A lokacin ne na ga wani abu na tagulla yana lilo a sarƙar agogonsa.

Na ce, "Wannan maɓallina ne."

"Lambar yabo ce, Yaya Malam. Darakta ya ba ni da hannunsa."

"Akwai zaren Liberata a jikinsa."

"Zare ai duk kama yake."

Shi kuwa jawabin kullum ƙara tsawo yake. A Oktoba minti uku ne. Kafin Ista ya kai minti goma, dawakai ma sun sunkuyar da kai suna saurare.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Panfilo da kansa ya ɗauko shebur ya ƙarasa haƙa nasa. Da fim ya fito, shi ya je birni ya yi hayar faifan, ya roƙi Fada zauren coci, ya aika har ƙauyukan maƙwabta. Bai kalla ba kafin ya kawo. Ya ce babban ɗan wasa ba ya kallon kansa shi kaɗai. Ranar Lahadi ta biyu a Mayu, bayan abincin rana, aka toshe tagogi da barguna, mutum wajen ɗari biyu suka cika zauren. Panfilo na bakin ƙofa da faffaɗar hula yana raba cuku kyauta, sai ga Vittorino, kwanansa uku da dawowa da tumaki.

Fuskar Panfilo ta yi fari kamar cukun safe. Ya ce, "A'a, Vittorino! Kai da ka sha hanya? Je ka huta mana. Zan ba ka labari gobe."

Vittorino ya ce, "Ina! Ai 'ya'yana na zo gani."

Ya zauna daidai bayan kujerar Panfilo.

Aka fara. Minti ashirin babu Panfilo. Duk inuwar da ta gilma sai ya ce, "Ku shirya, yanzu zan fito." Inuwa ta zama jaki. Can sai ga layin sojoji cikin ruwan sama, wanda duk mun san daga mesar motar ruwa ake fesa shi, hayaƙi ya rufe ramin tsakuwarmu, a gaba ga goɗiya, a kanta ga mutum ya ƙanƙance ido. Zauren ya ɗauki tafi. Panfilo ya miƙe ya rusuna dama da hagu.

Ni ban gane abin da ke jikinsa ba. Na ɗauka buhun gawayi ne. Liberata ce ta ja numfashi ta damƙe hannuna.

Goɗiya ta yi taku uku ta tsaya. Ta juyo da kai ta shinshina gwiwar mahayinta. Ta lasa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda dabba take da gishiri. Ta kama bakin kwat ɗin da haƙora ta fara ja. Kanar ya ja, ta ja. Ta shiga juyawa tana bin ƙamshin, shi kuma yana juyawa tare da ita, kamar kare mai bin jelarsa. Zagaye na huɗu sirdi ya zame, Kanar ya bi ta ƙarƙashin cikinta ya sauka a taɓo da mazaunai. Sharaɗi na biyu ke nan ya tafi.

Panfilo ya ce da ƙarfi, "Haka aka tsara! Yanzu jawabin!"

Gaskiya ne, a majigi ya miƙe, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya buɗe baki. Sai kiɗa ya canza. Daga cikin hayaƙi wasu fararen abubuwa suka fito a guje. Wani soja a fim ɗin ya yi ihu, "Kyarketai!"

Vittorino ya daka tsalle. "Kyarkeci a gidan uban wa! Nebbia ce wannan! Ga Orso! Ga Fiocco, ɗan albarka, dubi yadda ya fito da kyau!"

Karnukan tumaki ne, kowanne ya kai ɗan maraƙi, kuma tun suna 'yan kwikwiyo ɓawon cuku ake jefa musu. Kanar ya duba sau ɗaya ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kyamara ta bi shi. Ya haye tudun tsakuwa ya gangaro da shi. Ya ratsa ta cikin dakarunsa, suka dare masa. Takalmi ya tsaya a taɓo, mai shi ya wuce. Duk wannan bakinsa na motsi, amma muryar da ta fito ba tasa ba ce, wata siririya ce kamar ta ɗan akuya.

"Ku yi min rai! Ba tawa ba ce! A jikin gawa na cire ta!"

Ashe da darakta ya ga abin da Allah ya ba shi kyauta, sai ya sake labarin. Kanar dama babu shi. Panfilo ya zama ɓarawon da ke bin bayan yaƙi yana tuɓe matattu.

Panfilo ya juyo yana cewa, "Ba haka na ce ba! Sun canza min magana!"

Vittorino ya ce, "Wannan gaskiya ne, jama'a, ba haka ya ce ba. Ina wurin. Ku dubi bakinsa da kyau." Ya jira fuskar ta cika majigi, sannan ya ƙwala daidai da motsin leɓen: "Liberata! Liberata, ki zo! Yaya!"

Ya zauna daram, harafi bai kuskure ba. Zauren ya fashe. Fada ya cusa kai cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Quirino ya zame daga benci. A majigi Panfilo ya fizge kwat ɗin ya wurgar, karnuka biyar suka rufe ta, shi kuwa bai tsaya ba, ya fice daga hoton da singileti.

Vittorino ya ce, "A saman motar ruwa muka same shi. Sai da aka sa tsani."

Sannan jarumin fim ɗin ya iso, wani dogo mai shuɗin ido. Ya harba bindiga sama, karnuka suka watse, ko da yake Vittorino ya ce shi ne ya yi musu fito da baki. Ya sunkuya ya ɗauki kwat ɗina daga taɓo, hannu ɗaya ya kusa rabuwa da kafaɗa. Ya kaɗe ta, ya dubi inda ɓarawon ya bi, ya ce, "Ba taka ba ce. Namiji ne ya sa ta."

A fim ɗin gaba ɗaya wannan ce kaɗai maganar da ban sami abin gyarawa a cikinta ba.

Ya sa ta, kuma bai sake cire ta ba har ƙarshe. Ga dalilin da ya sa ba ta dawo ba, ba sabulun Faransa ba. Awa guda da minti goma kwat ɗina tana gaban kyamara, Panfilo kuwa minti biyu da daƙiƙa arba'in, rabinsu ta baya. A ƙarshe dogon ya hau wani tudu a ƙafa, yana jan jiki, ya tsaya a ƙofar wani gida. Wata mata ta fito ta dube shi, ba ta gane shi ba.

Aka cire barguna, haske ya shigo. Panfilo ya hau benci yana ɗaga hannu. "Jama'a, ku tsaya! Kun dai ga kwat ɗin nan. Wa ya yi ta? Ni na yi ta! Da hannuna! Madam Ornella ma cewa ta yi ba ta taɓa ganin..."

Sai ya tuna ina wurin.

Splendora ta ce, "Sauko, ɗan nan. Rigar ta fi ka iya wasa, goɗiyar ta fi ka, karnukan sun fi ka. Kai ne na takwas."

Wani daga baya ya yi haushi, sauran suka amsa. Haka aka raka Kanar har shagonsa.

Ni ban bi su ba. Na miƙe da niyyar in kama kunnensa kamar yadda na saba a aji uku, amma Liberata ba ta saki hannuna ba. Tana zaune tana kallon farin bango.

Na ce, "Kin ga aikin autanku. Ɗinkinki na shekara talatin."

Ta ce, "Na gani." Sannan ta ce, "Malam, haka take ranar da ka dawo. Har hannun hagun da ya saki. Ina tsaye a ƙofa na ce wa Inna ga wani mabaraci, a ba shi burodi. Sai da ka yi magana." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na yi ta ɗinki har na mance. Wadda nake ajiyewa a kabad ta zama kamar ta wani."

Na ce, "Ni ban yi warin cuku ba."

Ta ce, "Ka yi wanda ya fi shi."

To, ga abin da nake nema, kuma ina so a karanta shi da babbar murya ranar Lahadi bayan an fito coci, Panfilo na tsaye, hula a hannu.

Na farko, ya ciro maɓallina daga sarƙar agogonsa ya miƙo min a gaban shaidu, ya kuma faɗi inda ya kai ɗayan.

Na biyu, ya hau bas ɗin Litinin zuwa Roma, da ƙafarsa ba da aike ba, ya nemo Madam Ornella duk inda take, ya kawo min kwat ɗina kafin huɗu ga Nuwamba. Zan sa ta in tsaya a dandali. Vittorino da karnukansa suna Puglia a lokacin, na riga na tabbatar.

Na uku, kuma nan ne nake so ya buɗe idanunsa duka biyu, ba irin na kaboyi ba. Ya kawo ta yadda ya same ta. Kada ya wanke, kada ya goge, kada ya kai wa tela. Liberata ta ce allura ba za ta sake taɓa ta ba. In kuwa ya kuskura ya ce zai gyara min ita da basirarsa, to ya sani har yanzu rular nan ta katako tana cikin durowata, kuma bai yi girman da zai fi ƙarfinta ba.